Notin da Ya Kai Ni Garwa

Tun da na dawo daga Garwa, can ƙasar Kamaru, ba ku bar ni na sha iska ba. A ofis, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, kowa sai ya tare ni: "Hamman, yaya ƙasar Faransa? Ina turarenmu? Da gaske ne burodinsu ya kai sanda tsawo?" Ni kuwa in ce lafiya lau in wuce, har wasunku suka fara cewa girman kai na je na koyo. Wallahi ba girman kai ba ne, bakin ne ya yi mini nauyi. To yau zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, don ba zan maimaita ba.

Da farko ku sani ba yawo na je ba. Noti ne ya kai ni, noti ƙwaya ɗaya.

Waɗanda suka daɗe a Jimeta sun san Silbanus, Ibon nan mai kantin magani. Shekara tara muna maƙwabtaka a Nassarawo, katanga ɗaya ta raba mu. Fulatancinsa ya fi Hausarsa kyau, har tsofaffi kan tsaya kantinsa don su ji shi kawai su yi dariya. Ranar da haihuwa ta zo wa matata Dudu da gardama, shi ya bar kantinsa a buɗe ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti. Wata ƙaramar baƙar mota ce ƙirar Faransa, yana ji da ita kamar me. Da gari ya rikice, mutanen Gabas suka kama barin Arewa, wata safiya da hantsi ya turo motar nan cikin gidanmu, ya damƙa mini makulli. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Hamman, riƙe mini. In na dawo, na dawo."

Kusan shekara huɗu tana nan. Na ɗora ta a kan kututturan itace don kada tayoyin su ruɓe. Na cire fitilu da madubi saboda masu ɗan hali, na cire kujeru saboda ɓeraye, na nannaɗe kowanne a buhu na kai ƙuryar ɗakina. Gangar jikin na rufe da zana. Ba irin maganar da ban sha ba. "Mai ita ya daɗe da mutuwa, sayar ka huta." "Kai dai wawa ne, kana tafiya ofis da keke ga mota a gida." Na toshe kunnena.

Bayan an gama yaƙi, rannan wani direban babbar mota ya bar mini 'yar takarda a ofis. Rubutun Silbanus ne, ba adireshi, ba komai. Ya ce yana raye, matarsa da 'ya'ya biyu suna raye, ɗaya babu. Ya ce zai zo ƙarshen wata ya ga ko motar tana nan, don ita kaɗai ta rage masa a duniya da zai fara neman abinci da ita. Na karanta takardar nan ya fi sau goma. Nan take na yi wa kaina alkawari: mutumin nan ba zai zo ya tarar da gawar mota ba. Da ƙafafunta huɗu zai fita da ita daga gidanmu, kamar yadda ya shigo da ita.

Injin bai ba ni wahala ba. Na zuba sabon mai, na aro batir, ta yi tari sau biyu ta tashi. Ƙafa uku suna juyawa lafiya. Ta huɗun, ta baya ta hagu, ko motsi. Birkin ne tsatsa ta manne shi da diram, wato kwanon ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, kuma ba yadda za a buɗe diram ɗin sai an kwance wani ƙaton noti da ke bakin aksil, sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar. Na cire tayar, na zare ɗan fil ɗin da ke tsare notin, na sa sifana. Sifanar ta zame. Na aro wata, ta zame. Duk sifanar da ke garin nan awon Ingila ce, notin kuwa awon Faransa. Wannan ta yi masa yawa, waccan ta ƙi shiga, kuma kowace zamewa sai ta ci masa kusurwa.

Kwana biyar ina fama. Na jiƙa shi da kananzir, na jiƙa shi da baƙin mai. Wani ya ce manja, na sa manja. Duk wanda ya zo wucewa ya zama gwani, hannu a baya yana ba da shawara. Daga ƙarshe na kira wani makanike, Garba Fita, daga Jambutu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaro guduma da cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki na sara ƙarfe. Bugu uku na bari ya yi. Da na ga bakin cizal ɗin ya doshi zaren aksil, na riƙe masa hannu.

"Garba, in ka ɓata aksil ɗin nan ina zan samo wani? Kayan mutane ne."

Ya tattara kayansa yana huci. "To sai ka je Faransa ka nemo sifanarsa. Masu irinta a garin nan ai kun kore su."

Wannan "kun" ɗin ya yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa game da sifanar. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. Na lissafa: kwana biyu zuwa, kwana ɗaya can, kwana biyu dawowa. Na yanki kwali na fitar da girman notin a jikinsa, na sa a aljihu. A ofis ban nemi hutu ta hanyar da ta dace ba, don tun da aka yanka jihohi ko atishawa za ka yi sai an tambayi Maiduguri. Na ce wa babban akawu goggona ce ba lafiya a Belel, Allah ya yafe mini. Na durƙusa a zaure na gaya wa Baba inda za ni da abin da zai kai ni. Bai ɗago daga littafinsa ba ya ce, "A je lafiya." Motar kuwa na bar ta yadda take: a buɗe, kan kututture, ba taya ɗaya, ba fitilu, ba kujeru, notin duk ya sha sara.

Tun a bakin Binuwai lissafina ya fara lalacewa. Jirgin fito ya ƙi tashi, wai injinsa ya sha ruwa. Muka zauna kan yashi daga safe har azahar, mu da shanu da wata babbar mota cike da gishiri. Ita ce motar da na samu, a kan buhunan gishirin nan na zauna. Kusa da ni wata mata da kwandon busasshen kifi, wanda warinsa bai bar rigata ba har na dawo. Ɗaya gefen kuma wani dattijo Babarbare mai sayar da turaren wuta, Ba Modu. Mutumin nan bai san a yi shiru ba. Kafin mu kai Girei ya san sunana, sunan ubana, da aikina. Da ya tambayi abin da zan saro a Garwa, na zaro kwalin na nuna masa.

Ya juya shi gaba da baya, ya leƙa ni ta ramin. "Wannan fa?"

"Awon noti ne."

"Kai ɗan nan! Shekara talatin ina bin hanyar nan. Na ga mai zuwa neman mata, na ga mai gudun haraji, na ga mai bin ɓataccen jaki. Yau na ga mai tsallaka ƙasa saboda noti." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi kan kifin matar nan, ita kuma ta wanke shi da Fulatanci tas.

Daga Jabbi Lamba hanyar ta zama abin da ta zama. Sau biyu muka sauka muka tura. A Belel muka kwana, a zauren wani bawan Allah da bai tambaye mu ko sunanmu ba, ya aiko mana da fura da kindirmo mai kyau. Na yi ta sunkuyar da kai a garin, ina tsoron kada in haɗu da wanda ya san ofishinmu ya tambaye ni jikin goggo.

Da safe muka isa iyaka. A ɓangarenmu ɗan sanda ɗaya ne a gindin tsamiya, ya leƙo ya ɗaga mana hannu. A nasu kuwa sai ga jandarma, wato ɗan sandansu, gajeren wando, hula kamar gwangwani, fuska ba annuri. Ya sauke mu duka ya jera mu. Kowa ya nuna takardarsa. Da ya zo kaina ya laluba aljihuna, sai ga kwali mai rami kusurwa shida. Ya ɗaga shi sama yana dubawa ta hasken rana, ya kira abokinsa, suka yi ta yare da Faransanci suna kallona. Na yi masa bayani da Hausa, ya girgiza kai. Na yi da Turanci, ya ƙara ɓata rai. Na yi da Fulatanci, ya yi kamar yau ya fara jin harshen a duniya. Awa uku ina zaune a kan benci, direba yana ta zagina daga nesa. Sai da Ba Modu ya matsa kusa ya buɗe ganyen goro, ya zaɓo manya guda biyar ya miƙa masa, sannan bakin jandarman nan ya buɗe. Jama'a, Fulatancin da ya fito daga bakinsa ko a cikin garin Yola sai an tona! Har yana tambayata ko na san wani kawunsa a Mbamoi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙasarsu shi ne hannun tuƙi. Mu nan hagu muke bi, su dama. Direbanmu ya sani sarai, amma hannunsa bai sani ba. Kafin Gashiga sai da ya koma hagu ba tare da ya lura ba, muka yi ido huɗu da wata motar auduga. Matar kifi ta ƙwala salati, ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne, in na mutu a nan wa zai gaya wa Silbanus inda na ajiye fitilunsa.

Ranar Juma'a da yamma muka shiga Garwa. Ba Modu bai bar ni na nemi masauki ba, ya ja ni gidan ƙaninsa a unguwar Barebari. Sun karɓe ni hannu biyu, Allah ya saka musu. Tun da kuna son jin labarin burodi, to gaskiya ne. Dogo ne siriri, ɓawonsa na yanka dasashi, ana ɗaukarsa a hammata ba ko takarda. Da safe sai a haɗa maka da kofi mai ɗaci maimakon shayi. Tuwonsu namu ne, sai dai miyar yakuwarsu ta fi tamu tsami. Fulatanci kuwa ko'ina, har ka manta ka bar gida, sai ka ji an kira ka "mesiye" da Faransanci ka tuna.

Amma akwai wata ɗabi'a tasu da ba zan yafe ba. Da rana ta take, sai gari ya mutu. Kanti, ofis, gareji, kowa ya ja ƙofa ya tafi barci, ƙato da gemunsa. Ranar Asabar na ɓata safiya ina neman babban kantin kayan mota, ina tambaya ana nuna mini gabas da yamma. Ina isa ana sa kwaɗo. Na roƙi mai gadin, ya ce sai Litinin. Kwana biyu ina zaune a gidan mutane ina cin tuwonsu ina ƙirga kwanaki da yatsu. Litinin tun kafin su buɗe ina bakin ƙofa. Wani saurayi mai farar riga ya karɓi kwalina da yatsa biyu kamar ƙazanta, ya shiga ciki, ya fito ya ce babu, amma za a iya aiko musu daga bakin teku nan da wata guda. Da ba a ƙasar mutane nake ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Ba Modu ne ya cece ni. Ranar Talata ya kai ni bayan kasuwa, wurin wani tsohon makanike da ake kira Baba Yohanna. Mutumin wajen Ganye ne, Kirista, ya daɗe da tsallakowa. Garejinsa inuwar mangwaro ce da akwatin ƙarfe ɗaya. Ya kalli kwalin bai ko taɓa shi ba, ya buɗe akwatin, ya zaro wata sifana mai kama da kofi, irin wadda ke rufe noti gaba ɗaya. Ya ɗora ta kan ramin, ta zauna daram.

"Mota naka ne?"

Na ce a'a, na ba shi labari. Ya goge hannunsa da tsumma. Sannan ya tambaye ni abin da na riga na yi wa notin. Da na kai kan cizal, ya dafe kai.

"Wa ya sa masa cizal? Makanike ne ko mahauci? Ji nan, ɗana. Noti da ya yi shekara huɗu yana barci ba a tashe shi da faɗa. Ka sa masa wuta, shi kaɗai, kada ka gasa aksil. In ya yi zafi, guduma ɗaya a wannan gefe ya tokare, ɗaya a wancan gefe ka buga, a kan fuska, ba a kan kusurwa ba. Sannan ka sa wannan, ka zura dogon bututu a hannunsa. Kada ka yi tsalle a kai kamar biri. Ka hau da nauyinka a hankali, ka jira."

Na tambayi kuɗin sifanar. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, ita kaɗai gare shi. Sai ya naɗe ta a tsumma ya miƙo mini. "In ka gama ka ba direban gishiri ya kawo mini. Mutum da ya riƙe mota na wani shekara huɗu ba zai ci sifana na ba. Wannan Ibo ya yi sa'a na aboki."

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na fito daga inuwar mangwaron nan ina tafiya kamar wani hakimi. Har na fara tsara yadda za a yi: Silbanus zai shigo, in yaye zana, in miƙa masa makulli ba tare da na ce komai ba, maƙwabtan nan masu cewa in sayar suna tsaye suna kallo.

Mota mai komawa sai Alhamis. Dawowar ba ta da wani labari. Jandarman nan ya gane ni, ya ɗaga sifanar ya yi dariya ya ce in gaida Mbamoi. Asabar da hantsi na shigo gida, saura kwana uku wata ya ƙare. Dudu ta kawo mini ruwa, ta yi mini sannu da zuwa, idonta a ƙasa. Na ɗauka fushin daɗewar da na yi ne. Kun san mu, ba a tarar matafiyi da magana a bakin ƙofa sai ya ci ya huta. Ni kuwa ban ci ba, ban huta ba, ko riga ban sake ba na nufi motar.

Na ɗebo garwashi a kasko na kara wa notin, ina fifitawa har ya yi zafi. Na tokare da guduma ɗaya, na buga da ɗaya, fuska bayan fuska. Na sa sifanar Baba Yohanna, ta rungume shi duk da saran cizal. Na zura bututun ƙarfe, na hau a hankali, na jira. Ba abin da ya faru. Na ƙara sakin nauyina. Sai na ji wata ƙara, ƙiiii, bututun ya sauka da ni har ƙasa. Notin da ya hana ni barci, ya kai ni wata ƙasa, ga shi ina kwance shi da yatsu biyu. Duka aikin bai kai lokacin da ake ɗauka a dafa shayi ba. Na buɗe diram, na ɓamɓare birkin, na kankare tsatsar, na mayar da komai. Kafin la'asar na sa hannu na juya tayar, ta yi ta juyawa ita kaɗai.

Na ƙwala kira, "Dudu! Zo ki gani!"

Ta zo ta tsaya, ta kalli tayar tana juyawa, sai ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba na kira."

Na same shi a zaure kan buzunsa, ya juya gefe kamar yadda ya saba in ni ne. Ya ɗaga gefen buzun ya zaro wata tsohuwar ambulan, ya ajiye a ƙasa tsakaninmu.

"An yi baƙo ranar Talata. Ya bar wannan. Ya ce a faɗa wa maƙwabcinsa, ba sai ya riƙa kai motar Garwa gunduwa-gunduwa ba. Ga takardun motar, ya sayar da ita gaba ɗaya ya huta."

Haka ya faɗa, kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Ranar Talata, ranar da nake tsaye a inuwar mangwaro ana yabona.

Sauran a bakin Dudu na ji, don tana bayan katangar zaure ta ji komai. Silbanus ya sami motar da ta ɗauko shi kyauta, shi ya sa ya riga lokaci. Ta ce ya rame har sai da ya yi magana ta gane shi. Ya gaida Baba da Fulatanci, aka kawo masa ruwa da abinci, ya taɓa kaɗan. Ya nemi ganin motar, Baba ya kai shi. Ya daɗe a tsaye. Ya leƙa ramukan fitilu, ya leƙa ciki ba kujeru, ya tsuguna ya shafa notin nan da ya sha cizal. Ya tambaya ina sauran kayan. Baba ya ce shi ba ya shiga harkar yara. Ya tambaya ina Hamman. Baba ya ce, "Ya tafi Garwa." Silbanus ya yi ɗan murmushi ya ce, "Garwa. Can ne kayan motar Faransa ke tsada." Baba bai ce uffan ba.

Na ce, "Ke fa? Kina ji, kina da baki!"

Ta ce ta shiga ɗaki da gudu ta ɗauko fitila ɗaya a buhunta, ta zo har bakin zaure. Amma surukinta na zaune, ga baƙo namiji. Ƙafarta ta ƙi shiga. Tana nan rungume da fitilar har ta ji ya yi sallama ya fita.

Na koma zaure. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan.

"Baba, kalma ɗaya! Ka san inda fitilun suke, kai ka ba ni buhunan da na naɗe su. Ka san abin da ya kai ni Garwa, a nan na durƙusa na gaya maka. Mutumin nan ya binne ɗansa, ya taso tun daga Gabas, ka bar shi ya tafi yana ganin ɓarawo ya ba wa amana?"

Bai kalle ni ba.

"In buɗe baki gaban baƙo in wanke ɗan fari? In ce nawa mai amana ne? Wa ya taɓa jin haka?"

To kun ji. Ni ne ɗan farinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona ba, bai taɓa tsaya mini gaban mutane ba, kuma duk tsawon rayuwata ban ga laifin haka ba, don haka kakanninmu suka yi. Da ƙanena ne aka zarga, da ya yi magana. Ni kuwa kunya ta fi ƙarfin sunana. Na ji haushinsa, na ji haushin Dudu, amma wallahi na fi jin haushin kaina, da na tafi ban bar ko layi biyu a rubuce ba saboda ina son in yi bajinta.

Washegari na mayar da fitilu da kujeru, na wanke motar, na tuƙa ta zuwa tasha. A hanya har wani ya ɗaga mini hannu yana cewa, "Hamman, an yi mota! Allah ya sa alheri!" Na bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya san garin da Silbanus ya nufa, ba wanda ya san direban da ya kawo takardarsa. Adireshin da ke jikin takardun motar kuwa na kantinsa ne na nan Jimeta, inda yanzu wani ke sayar da gawayi. Wani ɗan kamasho ne kawai ya tuna da shi. Ya ce Laraba da safe ya hau motar Numan, wani ramammen Ibo da 'yar jaka.

"Ai har da mai rakiya," in ji shi. "Wani tsohon Bafulatani da sanda. Da ƙafa ya zo, yana haki. Ya tsaya jikin motar ta gefen da Ibon yake, ya kai awa guda, bakinsa na motsi kamar zai yi magana. Har motar ta tashi yana nan."

Baba ya fi shekara bai je ko kasuwa ba saboda gwiwarsa. Na juya motar na koma gida. Na same shi a zaure, na durƙusa.

"Baba, an ce ka je tasha."

"Na je."

"Me ka ce masa?"

Ya amsa, fuskarsa na kallon bango.

"Na ce masa Allah ya kiyaye hanya."